Wutar Rana Cikin Kejin Maganaɗisu: Ina Aka Kwana?

(Kiɗan buɗe shiri)

 Muna miƙa gaisuwa ga mutanen unguwar Biafra da sauran sassan Treichville, da 'yan kasuwar Adjamé, da direbobin gbaka da woro-woro da ke jin mu a bisa hanya, da masu garba da ke tsaye gaban kaskon suyar kifi, da iyayenmu mata da ke cikin gida. Allah ya ba kowa sa'ar abin da ya fito nema.

Filinmu na yau na kimiyya ne, kuma zancen wuta za mu yi. Akwai wani aiki da manyan ƙasashen duniya suka haura shekara 70 suna fama da shi. So suke su kunna irin wutar da ke ci a cikin rana, a nan doron ƙasa, su tsare ta da ƙarfin maganaɗisu, su mai da zafinta lantarki. Da wuya shekara ta fita ba a ji a rediyo ko an gani a waya cewa an kafa sabon tarihi ba, wai wutar da ba ta ƙarewa ta kusa isowa. Wasu labaran gaskiya ne, wasu an sa musu gishiri, akwai ma wanda ya fito ƙarya tsagwaronta. To yaya mai sauraro zai bambance? Tarihin aikin shi da kansa ya nuna hanya, kuma shi za mu bi yau.

Da farko mu raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Da yawanmu nan Abijan muna da dangin da suka taɓa aiki a Arlit, inda ake haƙar yuraniyam tun 1971. Tashoshin nukiliyar da ke ba da wuta a duniya yau, har da na Faransa, fasa ƙwayar zarrar yuraniyam suke yi, ƙwaya mai nauyi ta tsage biyu, zafi ya fito. Haka ita ma ƙaramar na'urar bincike da ke Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda ta fara aiki a 2004 da ƙarfin kilowat 30. Wancan fasawa ke nan. Namu na yau haɗawa ne: a ɗauki ƙwayoyi biyu marasa nauyi, a matse su har su zama ɗaya.

Ƙwayoyin da ake amfani da su 'yan gidan iskar haidurojin ne, ɗaya ana ce mata dutiriyam, ɗaya tiritiyam. In suka haɗe sai su haifar da iskar hiliyam da wani ɗan ƙwaro mai gudun tsiya da ake kira niyutiron. A wajen haɗuwar ɗan nauyi kaɗan yakan ɓace, ya koma zafi. Zafin ba na wasa ba ne: giram ɗaya na wannan makamashi ya ninka giram ɗaya na gawayi ko man fetur sau miliyoyi. Dutiriyam kuwa ba sai an je nesa nemanta ba. Kowace lita 1,000 ta ruwan tekun da ke bugun gaɓar Vridi da Port-Bouët tana ɗauke da kimanin giram 33 nata. Babu hayaƙin da ke ɗumama duniya, kuma makamashin da ke cikin na'urar a lokaci guda bai wuce 'yan giram ba, da an samu tangarɗa wutar mutuwa take yi da kanta.

Tun 1920 wani masanin taurari na Ingila, Arthur Eddington, ya ce irin wannan haɗuwa ce ke hura rana. A 1934 Mark Oliphant da abokan aikinsa suka haɗe ƙwayoyin dutiriyam a ɗakin gwaji na Cambridge. A 1952 Amurka ta tarwatsa bam ɗin haidurojin na farko. Ashe sakin wannan ƙarfi gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido, an iya shi tuntuni. Sakinsa sannu a hankali, yadda zai juya injin lantarki, nan gizo ke saƙar.

Me ya kawo wuyar? Ƙwayoyin nan biyu cajinsu iri ɗaya ne, don haka ture juna suke yi. Ba sa haɗuwa sai sun yi karo da matsanancin gudu, gudun kuwa zafi ke kawo shi. A tsakiyar rana zafin ya kai digiri miliyan 15, ga kuma nauyin ranar da ke danne komai. Mu a nan ba mu da wannan nauyi, sai a rama da zafi, a kai digiri miliyan 150. A irin wannan zafi iska takan sake hali ta zama abin da ake kira filasma. Wace tukunya za ta riƙe ta? Ƙarfen da ya fi kowane jure wuta, tangistan, narkewa yake yi a wajen digiri 3,400. Sai dai filasma tana da lago guda: tana bin umarnin maganaɗisu. Shi ya sa aka samu bututu, aka lanƙwasa shi har bakinsa biyu suka haɗu ya zama zobe, aka zuƙe iskar ciki, aka naɗe shi da wayoyin maganaɗisu. Filasma sai ta yi ta kewaya a tsakiya, ba ta taɓa bango ba.

(Ɗan kiɗa)

Jama'a, ga labari uku daga farkon aikin. Ku riƙe su da kyau.

Na farko a Ajantina ya faru. Ranar 24 ga Maris, 1951, shugaban ƙasar, Juan Perón, ya sanar wa duniya cewa wani masani mai suna Ronald Richter ya cimma wannan buri a tsibirin Huemul. An kashe maƙudan kuɗi, jaridu suka ɗauka. Ba wanda aka bari ya duba aikin daga waje. Da gwamnati ta tura kwamitin masana a 1952, cikinsu har da José Antonio Balseiro, sai suka tarar babu komai. Aka rufe wurin. Amma ƙaryar ta yi rana ta wani gefen, domin labarin ne ya sa Lyman Spitzer na Jami'ar Princeton a Amurka ya zauna ya yi tunani, ya ƙago na'urarsa mai suna sitelareta a cikin shekarar 1951 ɗin.

Labari na biyu ya fi ban tausayi, don masu aikin ƙwararru ne kuma ba su yi niyyar ruɗin kowa ba. A cibiyar Harwell ta Ingila aka gina wata na'ura mai suna ZETA, ta fara aiki a watan Agustan 1957. Ba da jimawa ba aka ga niyutiron na fitowa, aka ƙiyasta zafin ya kai digiri miliyan 5. A watan Janairun 1958 aka tara 'yan jarida. Shugaban cibiyar, John Cockcroft, mutumin da ya riga ya ci kyautar Nobel, ya ce yana da tabbacin kashi 90 cikin 100 cewa zafi ne ya haifar da haɗuwar. Ingila ta ɗauki murna. Sai wani masani a cikin gidan, Basil Rose, ya auna ƙarfin niyutiron ɗin ta fuska biyu. Da zafi ne ya haifar da su, da ta kowace fuska ƙarfinsu ɗaya ne. Ya tarar ba ɗaya ba ne. Ashe filasmar ce ke murɗewa tana fizge-fizge, tana cilla 'yan tsirarun ƙwayoyi da gudu, alhali sauran ba su yi zafin da ake zato ba. A watan Mayun 1958 aka janye maganar a bainar jama'a.

Wannan kunya ta yi amfani. Kafin lokacin, Amurka da Ingila da Tarayyar Sobiyat kowa ɓoye aikinsa yake yi. A watan Satumban 1958, a babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan amfani da nukiliya don zaman lafiya a birnin Jeniba, kowa ya baje kolinsa. Sai suka ga ashe ciwonsu ɗaya: filasma ba ta zama wuri guda, zafinta zurarewa yake yi.

Labari na uku daga Mosko ya fito. Tun 1950 Andrei Sakharov da Igor Tamm suka zana wata dabara, wadda daga baya aka sa wa suna tokamak. A cikinta ana tura wutar lantarki mai ƙarfi ta ratsa filasmar kanta, ga kuma maganaɗisun waje mai ƙarfin gaske, su biyun su haɗu su murɗa kejin yadda filasma ba za ta sulale ba. A 1968, a wani taro a birnin Novosibirsk, Lev Artsimovich na Cibiyar Kurchatov ya ce na'urarsu T-3 ta kai wajen digiri miliyan 10, kuma tana riƙe zafi fiye da kowace na'ura a duniya. Turawan yamma suka ƙi yarda. Wanda maciji ya sara, in ya ga igiya sai ya gudu, su kuwa ba su manta da ZETA ba.

Ku ji abin da Artsimovich ya yi. A tsakiyar yaƙin cacar baka, ya gayyaci masanan cibiyar Culham ta Ingila su zo su auna da kansu. A 1969 wata ƙaramar tawaga ƙarƙashin Nicol Peacock ta isa Mosko da kayan awo na hasken leza, wanda ke nuna zafin filasma kai tsaye. Suka yi watanni suna aiki, awonsu ya gaskata maganar Rashawa. Daga nan duniya ta karkata ga tokamak. Princeton ma ta kwance sitelaretarta ta mai da ita tokamak a 1970.

Kun ga bambancin? A Huemul an hana awo. A Harwell an yi shela kafin awo ya kammala. A Mosko an kira abokin hamayya aka ce zo ka auna. Gani ya kori ji.

(Ɗan kiɗa)

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan ƙoƙarin samar da lantarki ta hanyar haɗe ƙwayoyin zarra a cikin kejin maganaɗisu.

Tun 1955 wani injiniya a Harwell, John Lawson, ya yi lissafin cewa sai abu uku sun haɗu a lokaci guda: zafi, da cunkoson ƙwayoyin, da tsawon lokacin da filasma ke riƙe zafinta. Samun ɗaya ba wuya. Haɗa ukun ne ya ci shekaru. An gano cewa in na'ura ta ƙara girma, zafi ya fi daɗewa a ciki, shi ya sa aka shiga gina manya. A 1982 kuma Fritz Wagner, a na'urar ASDEX ta Jamus, ya ga cewa in aka ƙara wa filasma zafi ya wuce wani mizani, sai ta shiga wani yanayi da take ninka riƙon zafinta. Da wannan yanayi manyan na'urori ke aiki har yau.

Wadda ta fi yin suna ita ce JET, ta ƙasashen Turai, da aka gina a Culham, ta fara aiki a 1983. A watan Nuwamban 1991 ita ta fara ƙona cakuɗen dutiriyam da tiritiyam. A 1994 na'urar TFTR ta Princeton ta ba da megawat 10.7. A 1997 JET ta kai megawat 16. A watan Oktoban 2023, dab da a rufe ta, ta fitar da megajul 69 cikin daƙiƙa 5 daga makamashin da bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na miligiram ba.

A nan sai mu yi lissafi irin na kasuwa. Alhajin da ke saro kaya a Adjamé ya kai Bouaké ya san ciniki daban, riba daban. In ya sari kayan jaka 24 ya sayar jaka 16, ko uwar kuɗi bai mayar ba. In ma ya sayar jaka 30, sai an tambaye shi: Alhaji, ka cire kuɗin mota? Ka cire ladan 'yan dako da hayar shago? To, ranar da JET ta ba da megawat 16, megawat 24 aka zuba wa filasmar don a zafafa ta. Wannan uwar kuɗi ce kawai. Maganaɗisunta na tagulla da sauran injuna suna shan ɗaruruwan megawat daga layin wuta, ba a ma sa su cikin lissafin ba. Megajul 69 ɗin nan kuwa, in aka juya shi zuwa ma'aunin da ke kan takardar kuɗin wutarku, kimanin kilowat-awa 19 ne, kuma zafi ne, ba lantarki ba.

Wataƙila kun ji labarin Disamban 2022, da aka ce a Amurka an ci riba a karon farko. A Livermore ta jihar Kalifoniya aka yi, kuma da hasken leza ne, ba da maganaɗisu ba. An harba megajul 2.05, aka samu 3.15. Nasara ce ta gaske a kimiyyance. Amma injunan lezar sun sha wajen megajul 300 kafin su yi harbin. Har yau ba na'urar da ta ba layin wuta fiye da abin da ta sha.

(Ɗan kiɗa)

To ina aka dosa? Babban fatan yana Cadarache, a kudancin Faransa, inda ake gina ITER. Mikhail Gorbachev da Ronald Reagan suka ɗauko zancen a 1985, aka sa hannu kan yarjejeniya a Paris a 2006. Masu aikin su ne Tarayyar Turai, da Amurka, da Rasha, da Sin, da Indiya, da Japan, da Koriya ta Kudu. Nauyin na'urar zai kai tan 23,000. Maganaɗisunta za a sanyaya su zuwa digiri 269 ƙasa da sifiri, don wuta ta bi ta cikinsu ba tare da asara ba, alhali 'yan mitoci kaɗan daga nan filasma na kan digiri miliyan 150. Burin shi ne a zuba megawat 50 a samu 500, ninki 10. Amma ITER ba za ta sayar da lantarki ko na ƙwan fitila ɗaya ba, gwaji ce. An kuma samu jinkiri. A 2022 aka sanar da gano tsagewa a bututun sanyaya garkuwar zafi da kuskuren awo a wasu sassan tukunyar. A watan Yulin 2024 aka fito da sabon jadawali: fara bincike a 2034, ƙona dutiriyam da tiritiyam a 2039, da ƙarin kuɗi kusan Yuro biliyan 5.

Sauran ba su zauna jira ba. A watan Janairun 2025 na'urar EAST ta birnin Hefei a Sin ta riƙe filasma daƙiƙa 1,066. A watan Fabrairu WEST ta Faransa ta yi 1,337, wato sama da minti 22. Waɗannan gwajin juriya ne, ba a sa tiritiyam ba. Sitelaretar da aka yi wa kallon ta mutu ita ma ta farfaɗo: Wendelstein 7-X a Greifswald ta Jamus, wadda kwamfuta ta zana mata murɗaɗɗun maganaɗisu, ta yi minti 8 tana aiki a 2023. Kamfanoni masu zaman kansu sun shigo. Ɗaya daga cikinsu, Commonwealth Fusion Systems, ya gwada wani sabon maganaɗisu mai ƙarfin tesla 20 a 2021, yana kuma gina na'urar SPARC a jihar Massachusetts, bisa lissafin cewa maganaɗisu mai ƙarfi zai sa ƙaramar na'ura ta yi aikin babba. Ingila ta tsayar da 2040 don tasharta ta gwaji mai suna STEP.

Sauran ƙalubale uku ne manya. Na ɗaya tiritiyam. Kusan babu ita a halitta, rabinta kan lalace cikin shekara 12 da 'yan watanni, kuma abin da ke hannun farar hula a duniya bai wuce kilo 'yan gomomi ba, wanda babbar tasha guda za ta iya cinyewa cikin shekara. Dabarar ita ce a lulluɓe cikin tukunyar da litiyam, niyutiron ya buge shi ya haifar da sabuwar tiritiyam. Ba a taɓa nuna wannan a babban sikeli ba. Na biyu bango. Kashi 80 cikin 100 na ƙarfin niyutiron ke ɗauke da shi, shi kuwa ba ruwansa da maganaɗisu, bango yake duka. A hankali ƙarfen yakan gaji, ya kuma ɗauki gubar nukiliya, duk da ba ta daɗewa kamar ta sharar yuraniyam. Na uku kuɗi. Ko an yi nasara, sai wutar ta yi arahar da za ta yi gogayya da ta ruwa da gas da hasken rana.

(Ɗan kiɗa)

Mu dawo gida. Wutar da ke haska Biafra da Adjamé yau, mafi yawanta daga iskar gas take, wadda ake ƙonawa a tashar Azito ta Yopougon da ta CIPREL a Vridi. Kusan duk sauran daga madatsun ruwa ne: Ayamé, Kossou, Taabo, Buyo, da Soubré mai megawat 275 da aka buɗe a 2017. A bisa jadawalin masu aikin da kansu, tashar haɗe zarra da za ta sayar da wuta da yawa ba ta kusa ba, kuma in ta zo, ƙasashen da suka zuba kuɗi za ta fara haskawa. Duk wanda ya zo muku da zancen sa hannun jari a wata na'urar wuta mara ƙarewa, ku riƙe kuɗinku.

Amma ba a ce mu naɗe hannu ba. Ƙananan na'urorin tokamak sun yi aikin bincike a Libiya da Masar da Afirka ta Kudu. Litiyam ɗin da aikin zai buƙata yana ƙarƙashin ƙasarmu ta Afirka ta Yamma: an buɗe mahaƙar Goulamina a kudancin Mali a watan Disamban 2024, ana kuma sarrafa shi a jihar Nasarawa ta Najeriya, ko da yake yau batir ake yi da shi. Mutanen Arlit sun san yadda ake kwashe arzikin ƙasa ɗanye, ilimin sarrafa shi yana hannun wasu. Kada a maimaita.

Ranar da ke bisa kanmu kuma tuntuni take yin nata aikin haɗe zarra, namu tarbe ne kawai. A watan Afrilun 2024 aka buɗe tashar hasken rana ta Boundiali mai megawat 37.5 a arewacin Kodibuwa. Wannan hanya wani namu ya share ta tuntuni: Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, masanin kimiyyar fiziya, wanda ya jagoranci ofishin makamashin rana na Nijar daga 1969 zuwa 1985, kuma sunansa Jami'ar Yamai ke ɗauke da shi.

Don haka iyaye, Alhaji da Hajiya, yaro ko yarinyar da kuka ga kansu na ja a lissafi, kada a cire su daga makaranta don tsaron shago. Ga Jami'ar Félix Houphouët-Boigny a Cocody, ga babbar makarantar fasaha ta Yamoussoukro, ga Zariya, ga Yamai. A Trieste ta Italiya akwai cibiyar da Abdus Salam, ɗan Pakistan mai kyautar Nobel, ya kafa a 1964 domin masana daga ƙasashe irin namu, kuma ana koyar da ilimin filasma a can. Aikin ba na masu digirin digirgir kaɗai ba ne, yana neman masu walda na ƙwarai, da masu haɗa wayoyin lantarki, da masu sarrafa kwamfuta.

Kafin mu rufe, ga tambaya uku da za ku yi duk ranar da kuka ji an kafa sabon tarihi a wannan fanni. Wa ya auna, masu na'urar ne kaɗai ko wasu daga waje sun tabbatar? Nawa aka zuba, nawa aka samu, kuma an lissafa duk wutar da gidan ya sha? Sannan tsawon wane lokaci aka yi, daƙiƙa 5 ne ko wata 5? Tambayoyin nan za su yi muku aiki har a labarin sabon magani ko sabon irin shuka.

A nan za mu dasa aya. Mai tambaya ko ƙarin bayani ya aiko mana, za mu karanta a shiri na gaba in Allah ya kai mu.  

(Kiɗan rufe shiri)